Ɗaukar hoton ƙananan ƙadangaru a cikin kurmi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan sune tambayoyin da aka fi yi min kan ɗaukar hoton ƙananan ƙadangaru da tsaka da hawainiya a dazuzzukan nan masu duhu da ruwan sama kusan duk shekara. Ban bi wani tsari wajen jera su ba, inda naga mutane sun fi shan wahala nan na fi daɗewa.

Malam wai ƙadangare ma har sai an shiga daji an ɗauke shi hoto? Me ye abin kallo a jikinsa?

Ai ba irin wanda ka saba gani yana gyaɗa kai a jikin bango bane. A arewacin Madagaska akwai wata hawainiya da masana suka sa wa suna Brookesia nana a 2021, namijin tun daga hanci har ƙarshen wutsiya bai kai milimita 22 ba, kuma baligi ne fa ba jariri ba. Kafin ita an samu Brookesia micra a 2012 a wani ɗan tsibiri da ake kira Nosy Hara, ita ce wadda aka ɗauki ƙaramarta tana tsaye a kan tsinken ashana. A dazukan Borniyo da sauran kudu maso gabashin Asiya akwai Draco, shi kuma haƙarƙarinsa ne dogaye da fata a tsakaninsu, in ya buɗe su sai ya yi shawagi daga wannan bishiya zuwa waccan. A Kosta Rika akwai basilis wanda ke gudu a kan ruwa da ƙafafun baya, ga kuma dangin anol da sun haura iri 400 a nahiyar Amurka da tsibiran Karebiyan, mazansu na da wata fata a maƙogwaro mai launi da suke buɗewa in suna neman mace ko korar kishiya. A Kamaru kuma akwai Rhampholeon spectrum, 'yar hawainiya ce da bata kai santimita 10 ba, launin busasshen ganye, zaka iya tsallake ta sau goma baka sani ba. Toh kaga abin ɗauka kam akwai, ganinsu da samun haske a kansu shine aikin.

Da rana tsaka na ɗauka amma hotunan duk sun fito duhu ko dishi-dishi, kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Ganyen saman bishiyoyi ne ke tare hasken, abin da ke isowa ƙasan kurmi bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken rana ba. Kai idonka ya saba cikin 'yan mintuna shiyasa kake ganin kamar da haske, ita kuma kyamara bata da wannan yaudarar, in ka bar ta a otomatik sai ta ja shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, ta daɗe a buɗe, kamar 1/15 na sakan ko ma ƙasa da haka, kuma in kana kusa da ƙaramin abu duk wata 'yar rawa da hannunka ya yi ninka ta ake a hoto, har bugun zuciyarka ma yana shiga lissafi. Mafita uku ce: ka ɗaga ISO (saitin da ke sa kyamara ta ƙara jin haske), ka ɗora kyamarar kan ƙafa uku, ko ka zo da haskenka. ISO yana taimakawa har wani mataki daga nan sai hoto ya fara yin tsakuwa-tsakuwa kuma ƙananan ɓawon fatar da kake nema su narke. Ƙafa uku tana aiki in dabbar tana barci kuma babu iska, amma kafin ka gama kafa ta tsakanin saiwoyi da kurangar daji ka taɓa reshe ka tashi mai barcin. Shiyasa yawancin masu wannan aikin filasha suka riƙe.

Wani abin kuma da mutane basa lura dashi, ranar da gari ya yi hadari tafi ranar da rana ta ƙwalle kyau. In rana ta fito sai ta dinga ratso ganye tana yin ɗigo-ɗigon haske mai ƙarfi, rabin jikin ƙadangaren ya ƙone fari fat rabi kuma baƙi ƙirin, babu saitin da zai gyara wannan. Sannan hasken da ya bi ta cikin ganye kore ne, zai sa komai ya yi kore-kore har dabbar da take ruwan ƙasa, don haka ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara bata sarrafa ba, domin ka samu damar daidaita launin daga baya.

Wace kyamara zan saya?

Duk wadda zata barka ka saita komai da hannunka, tana da wurin ɗora filasha, kuma ana canza mata lensi. In tana da kariyar ruwa da ƙura ya fi. Kar ka ɗauka sai mai babbar sensa, wato farantin da ke karɓar hoton a cikin kyamara, a wannan aikin ƙaramar sensa irin ta kyamarorin OM System ma tana da nata amfanin, domin tana baka zurfin fokas, wato yawan abin da ke fitowa tar daga gaba zuwa baya, fiye da babba in kun cika firam da abu ɗaya, ga rashin nauyi, wanda zaka gode masa bayan awa huɗu kana hawa tudu cikin taɓo.

Lensi fa?

Nan ne ya kamata kuɗin ya tafi. Lensin makiro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa, mai milimita 90 zuwa 105 wanda ke kaiwa 1:1 shine dokin aikin, ma'ana abu mai tsawon santimita 2 zai faɗo kan sensa a santimita 2 ɗinsa. Dalilin da yasa bana cewa a sayi gajere irin 35 ko 40 shine tazara, da gajere sai ka kusan dangwala gilashin a hancin dabbar kafin ta cika hoton, inuwarka ta rufe ta, ita kuma ta gudu. Da 100 kana da kamar tsawon tafin hannu ko fiye tsakaninku, akwai wurin da haske zai shiga.

Amma ƙadangarun rana masu tsoro irin su Draco da kulɓa ba zasu tsaya maka a wannan tazarar ba, Draco ma yawanci yana can sama a jikin kututture, su sai dogon lensi kamar 300 ko 400 wanda ke iya fokas a kusa. Akwai kuma masu son makiro mai faɗi irin Laowa 15, wanda ke nuna dabbar a gaba ga dajin kuma a bayanta, hoton yana da daɗin kallo sosai don yana nuna inda take rayuwa, sai dai dole ka matso ƙwarai don haka sai dabba mai haƙuri. In aljihu bai kai ba akwai ɗan gilashin Raynox da ake maƙalawa a gaban lensin da kake dashi, ba laifi wallahi, mutane sun fitar da hotuna masu kyau dashi.

Ni waya kawai gare ni, in haƙura?

A'a 'yar'uwa kar ki haƙura. Ƙadangaren da ke barci a kan ganye ko tsakar da ta lafe a jikin itace waya zata ɗauke su tsaf. Ki kashe filashar wayar don hasken ta tsaye yake zuwa kuma yana ƙona hoto, ki sa wani ya riƙe miki tocila daga gefe da farin kyalle a gabanta, ki danna kan idon dabbar a sikirin ki riƙe har fokas ya kulle sannan ki ɗan rage hasken. Kar ki ja zum da yatsa, gara ki ɗauka a yadda yake ki yanke daga baya. Abin da waya bata iyawa shine mai gudu da wanda ke nesa.

Ka bani saitin da zan fara dashi kawai

Manuwal, f/11 (girman ƙofar lensi kenan, lambar na ƙaruwa ƙofar na tsukewa), shota 1/200, ISO 200 zuwa 400, filasha a 1/8 ko 1/16 na ƙarfinta, ka ɗauki ganye guda na gwaji ka duba sannan ka ƙara ko ka rage ƙarfin filashar, sauran ka barsu. Shota ta tsaya a nan ne don yawancin kyamarori basa yarda ka wuce 1/200 ko 1/250 in kana aiki da filasha, kuma ba damuwa bane don walƙiyar filashar kanta gajeriya ce ƙwarai, ita ce ke daskarar da motsin ba shotar ba. Shi kuma f/11 saboda zurfin fokas ne, a 1:1 abin da ke fitowa tar bai kai milimita 2 ba ko a f/11 ɗin, in ka buɗe zuwa f/2.8 sai kaga ido ya fito hanci ya ɓace. Wasu sai suce to a rufe zuwa f/22 ko f/32 mana, eh zurfin zai ƙaru amma duk hoton sai ya yi laushi saboda yadda haske ke bazuwa in ya bi ta ƙaramar ƙofa, ni dai bana wuce f/16.

Wannan saitin zai baka baƙin bango a bayan dabbar, don filasha bata kaiwa can. Da dare daidai ne, dare ne ai. Da rana kuma sai hoton ya zama ƙarya, ƙadangaren rana a cikin duhu. Gyaran shine ka sauke shota zuwa 1/60 ko 1/30, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko sama, ka rage filashar, sai koren dajin ya dawo a baya, ko kuma ka zagaya ka samu kusurwar da akwai ganye kusa da bayansa wanda hasken zai taɓa.

Me yasa nawa ke fitowa da ƙyalli fari-fari a jiki, na wasu kuma luf-luf kamar a sitidiyo?

Wannan ita ce tambayar da da zan zaɓi guda ɗaya in amsa ita zan zaɓa. Bambancin ba kyamara bane ba kuma lensi ba, difuza ce, wato farin abin nan da ake sawa a gaban filasha don ya tausasa hasken. Jikin ƙadangare ɓawo ne ƙanana-ƙanana masu sheƙi, kulɓa ma kamar an shafa mata mai, ga ganyen da yake kai a jiƙe, toh in haske ya fito daga ɗan ƙaramin wuri kowane ɓawo sai ya mayar maka da ɗigon fari, launin ya ɓace, inuwa kuma ta yi kaifi a ƙasan haɓa. Dokar ita ce gwargwadon girman wurin da hasken ke fitowa da kusancinsa da dabbar, gwargwadon laushin hasken. Don haka ɗan farin murfin nan da ke zuwa da filasha a kwali bai isa komai ba. Kana buƙatar abu mai faɗi, kamar faɗin tafin hannu biyu, wanda zai lanƙwaso ta saman lensin ya yi wa dabbar rumfa.

Ana sayar dasu amma da yawan masu wannan aikin da hannunsu suke haɗawa, farin soson nan na cikin kwalin kayan lantarki ko farar roba mai laushi, a huda tsakiya a zura lensin, a yi wa filashar bututu da kwali mai fari ko azurfa a ciki don hasken ya tafi gaba kar ya watse sama. Ka tabbata akwai 'yar tazara tsakanin kan filashar da farin abin don hasken ya bazu ya cika shi duka, in ya manne dashi tsakiya kawai zai haska ka koma gidan jiya. Takarda kuma kar ka fara, minti goma a kurmi ta zama tsumma.

Yadda zaka gane ka dace, ka zuƙo idon dabbar a sikirin. In kaga ɗan ɗigo fari mai kaifi, da saura. In kaga wani lanƙwasasshen haske mai faɗi a saman ƙwayar idon, ɓawon gefen ido kuma kowanne ya fito da launinsa har kana iya ƙirga su, to ka gama da wannan babin. Illarta guda, difuza babba tana taɓa ganye tana kuma tsorata dabba in ka matso da sauri.

Filasha bata cutar da idonsu?

Abin da na sani shine tsakar dare idonta yana da ƙarfin gani a duhu fiye da namu nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu basu da fatar rufe ido, da harshe suke lashe shi su goge, don haka bata da yadda zata runtse in ka dame ta. Shiyasa ake rage ƙarfin filasha, a sa difuza, a ɗauki 'yan kaɗan a wuce. Ni a ganina tocilar da ake haska mata minti biyar ana neman fokas tafi filashar takura mata. Kuma ko don hotonka ma ka rage, don in ka daɗe da haske a kanta ƙwayar idon sai ta tsuke ta koma siririn layi, in kuma kana son ta a buɗe sai ka yi fokas da ɗan jan haske mara ƙarfi ka ɗauka da wuri. In ta juya kai ko ta fara tafiya, ta gaya maka ya isa.

Na yi yawo wuni guda banga ko ɗaya ba, ina suke ne?

Suna nan, sun ganka ma. Na farko ka rage sauri, mai neman ƙananan dabbobi mita 100 zata iya cinye masa awa guda. Da rana ka nemi inda rana ta samu hanya, inda bishiya ta faɗi ta bar fili, gefen hanya, bakin rafi, saboda jikinsu baya haɗa zafi da kansa sai sun sha rana, musamman da hantsi ko bayan an ɗauke ruwa. Ka dinga sauraro ma, sau da yawa ƙarar busasshen ganye zaka fara ji kafin ka gani. A ƙasan dajin Amazon akwai ƙananan tsaka da basu fi santimita 2 zuwa 3 ba a cikin ganyen da ya zube, sai ka tsuguna ka yi shiru kana kallon wuri guda kafin kaga abu ya motsa.

Amma sirrin gaskiya dare ne. Anol da hawainiya suna barci a can ƙarshen siririn reshe ko a kan ganye, inda in maciji ya hawo reshen zai girgiza su farka su saki jiki su faɗo ƙasa. Hawainiya in ta yi barci launinta yana kwashewa ta yi fari-fari, sai tocila ta same ta kaga ta fita daban a cikin kore, wutsiya a naɗe, abin da da rana zaka wuni baka gani ba. Ƙananan Brookesia su a ƙasa suke wuni cikin ganye, da dare sai su hau ɗan tsiro kaɗan, don haka ka haska ƙasa-ƙasa wajen gwiwa zuwa idon sawu ba sama ba. Ka riƙe tocilar kusa da idonka ko ka ɗaura ta goshi, haka zaka kama ƙyallin idon tsaka.

Tsakar Uroplatus ta Madagaska kuwa da rana tana manne a jikin kututture kai a ƙasa, wasu irinsu da wata fata geza-geza a gefen jiki da haɓa wadda ke kwanciya a kan ɓawon itacen ta shafe inuwa gaba ɗaya, za'a nuna maka da yatsa ace gata nan kana kallon gansakuka kawai. Wannan yasa nake cewa ka ɗauki ɗan jagora na yankin, a gandun dajin gwamnati na Madagaska ma dole ne, kuma ko ba dole ba idonsu ba irin namu bane, sun san bishiyar da kowace ke kwana. A wurare irin Andasibe da Ranomafana yawon dare a gefen titi ake yinsa ko a dajin da jama'ar gari ke kula dashi, ka tambayi dokar wurin tun kafin ka je.

Da na matso sai ya gudu ko ya zagaya bayan reshe

Ka fara ɗauka tun daga nesa, ka yi taku guda ka tsaya ka ƙara ɗauka, haka haka, ko ya gudu kana da wani abu a hannu. Kyamarar ta riga ta kasance a fuskarka tun kafin ka matso, ɗaga hannu farat ɗaya shi ke korarsu, haka inuwarka in ta faɗa kansa. Ka sauko daidai tsayin idonsa ko da zaka durƙusa a taɓo, hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙadangare kawai yake nunawa, kuma abin da ke zuwa musu daga sama tsuntsu ne mai cinsu shiyasa suka fi tsoronsa.

Zagaya reshe kuwa halinsu ne, hawainiya tana matse jiki ta koma siririya ta dinga juyawa a hankali reshen na tsakaninku, ido ɗaya na leƙenka. In kuna biyu sai ɗayan ya tsaya ta can gefen ba tare da ya taɓa komai ba, zata dawo ta naka ɓangaren. Namijin anol kuma yana da wurin da yake tsaro, in ya gudu kar ka bishi, ka zauna ka saita fokas a inda yake ɗazu, sau da yawa zai dawo, in ka yi sa'a ma ya gyaɗa kai ya buɗe maƙogwaron. Sakan kaɗan yake yi don haka yatsa na kan maɓalli.

Otofokas sai kai da komo yake yaƙi tsayawa

A duhu da kusa haka yake yi. Ka mayar manuwal, ka juya zoben zuwa girman da kake so, sannan kai da kanka ka dinga matsawa gaba da baya kaɗan kaɗan, daidai lokacin da ido ya fito tar ka danna. Ido shine komai, in wutsiya ta yi dishi babu mai magana, in ido ya yi dishi hoton ya tafi kwandon shara. Kana son jikin duka ya fito, ka tsaya ta gefensa yadda tsawonsa zai yi daidai da fuskar kyamarar. Ka manne gwiwar hannu a jiki ko ka jingina da sanda. Akwai kuma dabarar ɗaukar hotuna da yawa kowanne da fokas a wuri daban a haɗe su a kwamfuta, wasu kyamarorin ma a cikinsu suke haɗawa, tana kyau ga mai barci amma maƙogwaronsa na motsi da numfashi kuma filasha zata tashi sau da yawa a kansa, ni ban cika yi wa mai rai ba.

In na kama shi na ɗora a kan ganye mai kyau ko fure fa? Ai zan sake shi

Kar ka yi. Da yawansu in aka kama su suna yar da wutsiya, zata sake fitowa amma ba kamar ta farko ba, guringuntsi ne a ciki ba ƙashi ba, kuma wasu a nan suke ajiye kitsensu, ka jawo masa asara saboda hoto guda kenan. Akwai tsakar Geckolepis a Madagaska da in ka riƙe ta fatar ce gaba ɗaya ke saluɓewa a hannunka ta gudu tsirara. Hawainiya in ta tsorata sai ta yi duhu, launin da ka gani ka so ya tafi. Ga maganin sauro da gumi a hannunka. Wanda ka tasa daga barci ya faɗo ƙasa kuma ka barshi a inda masu cinsa ke yawo.

Akwai masu abin da yafi wannan muni, su sa dabba a firij ta yi sanyi ta kasa motsi, ko su ɗaura mata zare su goge a kwamfuta, irin hotunan nan da zaka ga ƙadangare ya yi wani zama irin na mutane ana ta yabawa. Wanda ya san dabbobin kallo ɗaya zai yi ya gane. Sannan a yawancin gandun daji kama dabba ba tare da takardar izini ba laifi ne. In wani ganye ya tare maka, ka canza wurin tsayuwa, in bai yiwu ba ka barshi, akwai wani a gaba.

Ruwa da laima ba zasu kashe min kaya ba?

Ruwan sama ma da sauƙi, lema da jakar da bata shan ruwa da ɗan tawul sun isa, lemar ma tafi rigar ruwa amfani don zaka iya ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Laimar iska ita ce mugun. In ka kwana a ɗaki mai esi ka fito da kyamara mai sanyi cikin iska mai ɗumi, nan take gilashin zai yi gumi ciki da waje, gogewa bata yi, sai ka jira. Don haka ka sa ta a leda mai zif ka rufe tun a ɗaki, ka fito da ita ka barta ta ɗau ɗumin waje kamar rabin awa kafin ka buɗe, ko kuma ka ajiye kayan a inda babu esi tun farko. Kar ka dinga canza lensi a cikin daji in ba dole ba.

Na biyu fumfuna, tana tsirowa a cikin lensi kamar saƙar gizo in ya daɗe a wuri mai laima da duhu, in ta yi nisa har rufin gilashin take ci. Kullum da dare ka fitar da kaya daga jiƙaƙƙiyar jaka ka sa a akwati mai rufuwa ruf da silika, 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse laima, ka sayi mai canza launi don ka san lokacin da ta ƙoshi, ana gasa ta ta bushe a sake amfani da ita. Batir ka ninka abin da kake zato, na filasha da na tocila musamman, masaukin cikin daji da yawa janareta ko sola suke kunnawa na 'yan awanni kawai.

Macizai fa? Ni fa tsoro nake ji

Tsoron daidai ne, don mai makiro idonsa na kan ganye guda ya manta da ƙafarsa. Kafin ka durƙusa ka haska ƙasa, kafin ka dafa itace ka duba shi. A Amurka ta tsakiya akwai kububuwar Bothrops asper da ke kwanciya cikin busasshen ganye, da wata ƙarama mai kamar gashin ido da ke zama a kan reshe daidai inda kake neman anol, a dazukan tsakiyar Afirka akwai macijin nan kasa irin ta Gabon. Madagaska dai an huta, babu macijin ƙasa da dafinsa ke kashe mutum. Takalmin roba dogo, dogon wando, tocila biyu, kuma kar ka fita dare kai kaɗai. Amma gaskiya abin da zai fi damunka ƙanana ne, tururuwar harsashi a Amurka ta tsakiya da ta kudu wadda harbinta ke wuni yana zugi, da matsattsaku a Borniyo da Madagaska, su akwai safa ta musamman da ake sawa. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana narkar da roba, in ka shafa ka riƙe kyamara zai ci jikinta har rubutun maɓallan ya goge, ka wanke tafin hannu ko ka nemi mai picaridin. Zancen rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro kuma kaga likita tun da sauran makonni.

Wane lokaci ne yafi?

Lokacin ruwa, duk da wahalarsa. A Madagaska daga wajen Nuwamba zuwa Maris ne suka fi fitowa, sai dai Janairu zuwa Maris lokacin guguwa ne hanya na iya yankewa, a watannin sanyi kuwa kamar Yuni da Yuli da yawansu lafewa suke.

Ya zan san sunan wanda na ɗauka, kuma in faɗi inda na ganshi?

Bayan hoton kwalliya ka ɗauki na shaida, gefen jiki duka har wutsiya, saman kai, yatsu, da maƙogwaro in ya buɗe, don anol da yawa da launin wannan fatar ake rabe su. Ka rubuta ko a ƙasa ka ganshi ko a sama, da rana ko da dare. Sai ka ɗora a shafin iNaturalist masana su taimaka, ka kuma duba sunan a shafin Reptile Database.

Wurin kuwa ka yi hattara. Akwai masu fataucin dabbobi da ke bin hotuna suna neman inda ake samun masu tsada. Shuɗiyar tsakar nan Lygodactylus williamsi ta dajin Kimboza a Tanzaniya, wadda a kan bishiyar pandanus kawai take zama, kwasar ta aka dinga yi ana kaiwa masu kiwo a ƙasashen waje har ta shiga sahun masu gab da ƙarewa, sai da aka sa ta a rukunin farko na yarjejeniyar CITES wanda ya hana cinikinta tsakanin ƙasashe. Waya da wasu kyamarori suna liƙa GPS a cikin fayil ɗin hoton, ka cire shi kafin ka watsa, sunan ƙasa ko yanki ya isa. iNaturalist na ɓoye ainihin wurin da kanta ga irin da ke cikin haɗari, kai ma zaka iya zaɓar a ɓoye ga kowanne.

Gyara a kwamfuta halal ne ko ha'inci?

Daidaita launi, rage koren da ganye ya zuba, sauke ƙyalli, rage tsakuwar ISO, yanke gefe, duk wannan aikin hoto ne. Ka dai ja hannu wajen ƙara launi, koren anol da shuɗin tsaka suna saurin komawa kamar na roba, kuma masu tantance iri da launin suke aiki. In ka haɗa hotuna da yawa don fokas, ko a wurin kiwo ka ɗauka ba a daji ba, ka rubuta hakan a ƙasan hoton.